"Sorry": sannu ce ko neman gafara?

Ma'aikaciyar Jinya a Ingila:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masana Turanci na wannan zaure ku warware min wani abu da ya tsaya min a rai tun shekaranjiya. Wata na huɗu ke nan da kama aiki a wani asibiti a nan Ingila, ɗakin tsofaffi. Ina aikin dare, wajen biyar na asuba, wani dattijo ya miƙa hannu zai ɗauki kofin ruwa sai gwiwar hannunsa ta bugi ƙarfen gado. Na ga yadda ya runtse ido. Ina can bakin ƙofa, ko kusa da shi ban zo ba, sai na ji na ce masa "sorry". Ya ɗago ya dube ni ya ce, "It's not your fault." Wato ai ba laifinki ba ne.

Wallahi ji na yi kamar ya mayar min da gaisuwata. Kuma ba shi ne na farko ba. Abokiyar aikina ta taɓa zubar da shayi a rigarta, na ce mata haka, ita ma amsar da ta ba ni ke nan. Sai da na ci jarrabawar Turanci ta IELTS aka yi min rajista a ƙasar nan, amma ga kalmar da na sani tun ina aji ɗaya na firamare tana neman ɗaure min kai. Shin dama can a gida ba daidai muke faɗarta ba?

Direban Tirela:
Wa alaikumus salam. Sannu da aiki Malama. Ni dai abin da na sani, sori sannu ce. Shekara goma sha biyar ina hanyar Kano zuwa Legas. In taya ta fashe min a Jebba, Bayarabe zai ce "pele", Ibo zai ce "ndo", wanda ya ga ba na jin yarensa ya ce "sorry o". Babu wanda ya taɓa ɗauka cewa shi ya fasa min tayar. Dattijon nan naki dai ciwo ne ya dame shi.

Tsohon Hedimasta:
'Yata, dattijon nan bai mayar miki da gaisuwa ba. Abin da kunnensa ya ji shi ya amsa, kuma amsar kirki ce: so yake ya sauke miki nauyin da ya zaci kin ɗora wa kanki. Bature idan ya ji "sorry" tsurarta, ba komai a gabanta ba komai a bayanta, a daidai lokacin da abu ya faru, neman gafara yake ji. Mu ne muka ɗauko sannu muka sa mata rigar Turanci. Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da alli, kuma kullum ina gaya wa yara wannan kuskure ne.

Ga wani abu da ya kamata kowa ya riƙe. Kalmar nan sifa ce, ba aikatau ba. Tana bayyana halin da zuciyar mutum take ciki ne, kamar "happy" ko "tired". Shi ya sa cikakkiyar jimlar ita ce "I am sorry". Ba a cewa "I sorry", ba a kuma cewa "am sorry" ɗin nan da ya cika saƙonnin waya, wanda aka yanke wa kai. In aikatau kake so, "apologise" ce. In suna kake so, "apology".

Malamar Turanci:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganar sifa da "am sorry" ina bayanka ɗari bisa ɗari, jiya ma sai da na ja wa ɗalibai bakwai jan layi a kanta. Amma cewa sannun da muke yi da ita kuskure ne, a nan kam zan nemi izinin saɓa maka.

Asalin kalmar a tsohon Turanci, na fiye da shekara dubu da suka wuce, "sarig" ce, daga "sar", wato ciwo ko raɗaɗi. "Sar" ɗin nan ita ce uwar "sore" ta yau, wadda 'yar'uwarmu take ji kullum a bakin marasa lafiya idan suna nuna inda ke musu ciwo. Da yawa suna zaton daga "sorrow" ta fito saboda kamar da suka yi, alhali tushensu daban ne, zama tare ne ya sa suka yi kama. To ka ga ma'anarta ta farko ita ce: zuciyata tana ciwo. Neman gafara daga baya ya shigo, domin mai laifi ma cewa yake zuciyata tana ciwo a kan abin da na yi maka. Bahaushen da ya ga mutum ya yi tuntuɓe ya ce "sorry" bai ƙirƙiro komai ba, tsohuwar ma'anar ce a bakinsa.

Kuma su kansu Turawan ba su yar da ita ba. Idan aka yi wa mutum rasuwa me suke cewa? "I am sorry for your loss." Ba su suka kashe mamacin ba. Idan ka ce ka faɗi jarrabawa, "I am sorry to hear that." Bambancinmu da su shi ne: su sai abin ya yi nauyi, kuma sai sun ja mata jela mai bayani. Mu kuwa ko tari mutum ya yi sai mu ba shi ita tsurarta.

Tsohon Hedimasta:
Malama, na ji daɗin tarihin nan, kuma ban musa ba. Amma yarinyar nan ba a Ingilar shekara dubu da suka wuce take aiki ba. Jelar da kika ce suna ja mata, ai ita ce maganar gaba ɗaya. Wanda ya bar jelar ya faɗi abin da bai yi nufi ba. Ni wannan nake kira kuskure.

Ɗalibin Jami'a:
Baba, da girmamawa, wa ya ba Ingila ikon mallakar Turanci har abada? A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, har da "okada" da "danfo" da "next tomorrow" da "Kannywood". In su da kansu sun yarda muna da namu Turancin, me zai sa mu riƙa kiran abinmu kuskure? Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ba'amurke ma ai ba irin na Bature yake yi ba, ko furucin kalmar nan ya bambanta, nasa ya fi kama da "sari", kuma babu mai ce masa ya gyara.

Tsohon Hedimasta:
Ɗana, ranar da ka zauna rubuta wasiƙar neman aiki ko ka shiga ɗakin jarrabawar WAEC, ka rubuta "next tomorrow" ka gani ko mai maki zai tambaye ka abin da Oxford ta yi a 2020. Ina faɗa maka ne don na ga yara masu ƙwaƙwalwa sun rasa kiredit a Turanci saboda irin waɗannan ƙananan abubuwa, sun zauna a gida shekara guda. Abin yana min ciwo har yau.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Mu nan Nijar da Faransanci muka yi lakwal, amma ina koyon Ingilishi yanzu saboda kasuwanci. Abin da nake gani, matsalar ba ta Ingilishi kaɗai ba ce. Faransanci ma ba shi da sannu. In ka taka mutum ka ce "pardon", in ka yi laifi ka ce "désolé", in an yi mutuwa ka ce "mes condoléances". Amma ka ga tsohuwa ta sauke tulu tana haki, me za ka ce mata? Babu. Sai ka koma Hausa. Shi ya sa ko ma'aikatan da ke zuba Faransanci a ofis, in ɗayansu ya buge ƙafa sai ka ji "sannu" ta fito.

Maman 'Yan Biyu, Kumasi:
Nan Zangon Kumasi ma haka ne, yaro ya faɗi kowa "sorry, sorry". Ni ban taɓa sanin akwai inda ba a fahimtarta haka ba sai yau.

Malamar Turanci:
Bari in ɗan shimfiɗa abin yadda nake yi wa 'yan ajina, don 'yar'uwarmu ta samu abin riƙewa. Sirrin yana cikin ƙaramar kalmar da ke biyo bayanta.

In ka ce "sorry for" ka kawo aikin da ka yi, laifi ka amsa: "I am sorry for shouting at you", ka yi haƙuri na ɗaga maka murya. In ka ce "sorry about" ka kawo abu, ƙofa biyu ce a buɗe. "Sorry about the noise" na mai laifi ne, "sorry about your father" kuwa ta'aziyya ce. "Sorry to hear" jaje ne zalla, babu mai jin ta ya zaci kana amsa laifi, don haka ita ce mafi aminci a bakin baƙo. "Sorry to disturb you" kuma sallama ce kafin ka katse wa mutum abin da yake yi.

Inda nake so a yi hattara sosai shi ne "sorry for" idan mutum ne ya biyo baya. "I feel sorry for him" na nufin yana ba ni tausayi. A bayan idonsa ba laifi. Amma ka dubi tsabar idon mutum ka ce "I feel sorry for you", sau da yawa raini zai ji, kamar ka ce masa kai dai abin tausayi ne. Na san wata baiwar Allah da ta rubuta wa shugabarta haka a saƙon ta'aziyya, da zuciya ɗaya, ta yi ta mamakin sanyin amsar da ta samu. Sannan "he is feeling sorry for himself" ba yabo ba ne, ana nufin ya zauna yana ta jin tausayin kansa maimakon ya tashi.

Direban Tirela:
Malama, to "sorry for yourself" ɗin da 'yan Legas ke jefa wa mutum fa? Ka goge wa mutum mota ka ce sori, ya ce maka haka.

Malamar Turanci:
Wannan tamu ce ta gida, Malam. Ma'anarta riƙe haƙurinka, ban karɓa ba.

Saura biyu ko uku. In ka ji Bature ya ce "Sorry?" da ɗaga murya a ƙarshe, cewa yake na'am, me ka ce, maimaita. In yana son wucewa a cikin cunkoso, gafara dai ce. In ya fara da "I'm sorry, but", to shirya, saɓa maka zai yi ko ya hana ka abin da ka roƙa. In kuwa aka ce maka "you will be sorry", ba ta da alaƙa da ladabi ko kaɗan, barazana ce: za ka yi da-na-sani.

Sai kuma idan ta zo gaban suna, nan ma'anar takan juya gaba ɗaya. Masu karanta jaridun Turanci na Najeriya sun saba da "the sorry state of our schools". Makarantun ba haƙuri suke bayarwa ba, sun lalace ne har sun zama abin takaici. Haka "a sorry sight", abin da ido ba ya son gani.

Ma'aikaciyar Jinya a Ingila:
Anti Malama, Allah ya saka da alheri, na kwafe duka a littafina. Wannan "Sorry?" ta tambaya ta taɓa rikita ni a makon farko. Ina ba da rahoton mara lafiya, babbar nas ta ce min haka, na tsaya ina tunanin me ta yi min da take ba ni haƙuri, ashe so take in maimaita lambar gado.

Amma ga abin da ya fi damuna, kuma shi ya hana ni barci. A aikinmu kalmar nan tana da nauyi. Ina tsoron ranar da mara lafiya zai faɗi a banɗaki, in ruga in ce "sorry", danginsa su ji su ce ai nas ɗin ma ta amsa laifinta.

Lauya Mai Karatu a Kanada:
'Yar'uwa, tsoronki yana da tushe, har majalisu sun zauna a kansa. A lardin Ontario na Kanada akwai doka ta 2009 da ta ce ba da haƙuri ba amsa laifi ba ne a shari'ar diyya. Lardin British Columbia ya riga su tun 2006. A Ingila da Wales ma dokar diyya ta 2006, sashe na 2, ta ce ba da haƙuri shi kaɗai ba ya zama amsa sakaci. Dalilin yin dokokin shi ne likitoci da direbobi da kamfanoni sun koma suna kame bakinsu a gaban wanda ya cutu don tsoron kotu, shi kuma shirun nan ya fi komai ƙona masa rai, sai ya kai ƙarar da da an ce masa sannu ba zai kai ba. Ban ce ki ɗauki wannan a matsayin shawarar lauya ba, ki tambayi tsarin wurin aikinki. Amma ki lura, su ma masu harshen sun san kalmar tana da fuska biyu, har sai da doka ta shiga tsakani.

Wani misali da ya fi wannan girma. A Ostireliya an daɗe ana raba 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da iyayensu da ƙarfin hukuma. Rahoton bincike ya fito a 1997. Firaministan lokacin, John Howard, ya ƙi furta "sorry" da sunan gwamnati, a 1999 majalisa ta tsaya a kan "regret", wato takaici. Mutanen ba su gamsu ba. Sai ranar 13 ga Fabrairun 2008 sabon Firaminista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa ya furta ta, mutane suna kallo suna kuka. Kusan shekara goma sha ɗaya ana jiran kalma ɗaya. Har yau suna tunawa da raba yaran nan da iyayensu duk ranar 26 ga Mayu.

Ɗalibin Jami'a:
To ai irin ta Howard ɗin ce 'yan siyasa da manyan mutane ke yi mana kullum: "I am sorry if anyone was offended." Wannan "if" ɗin ita ke kwashe komai. Bai ce na yi laifi ba, cewa ya yi in ma akwai wanda ya ji haushi.

Malamin Islamiyya:
Assalamu alaikum. Tun ɗazu nake bi ban sa baki ba, don Turancina bai kai ba. Amma akwai abin da na ga duk mun tsallake. Muna ta cewa Turanci ya haɗa abu biyu a kalma ɗaya, mu mun raba. Anya? Ku dubi "yi haƙuri". Wanda ya taka ka a sahu zai ce yi haƙuri. Wanda ya zo maka jajen gobara, bai san ma yadda wutar ta tashi ba, shi ma zai ce sai haƙuri. A zaman makoki "ya haƙuri?" muke tambaya. Kalma ɗaya ce, mai laifi ya ɗauka, mai jaje ya ɗauka, kuma ba mu taɓa ruɗewa ba, domin mun san wurin da mutumin.

Har ma zan ƙara. "Yi haƙuri" ba ta cika zama amsa laifi ba. Umarni ce kake ba wanda aka cuta, shi za ya yi aikin. Sau nawa ake zaluntar mace ko ƙaramin ma'aikaci, manya su taru su ce yi haƙuri, a tashi ba wanda ya ce na yi kuskure? Mai neman gafara na gaskiya cewa yake "na yi kuskure, ka yafe ni". Malamai sun ce tuba tana da sharuɗɗa: nadama, da barin laifin, da ƙudurin ba za a koma ba, in kuma haƙƙin wani ne a mayar masa. Ina ganin duk harshen da mutum zai yi magana da shi, wanda aka ɓata wa waɗannan yake saurare.

Malamar Turanci:
Allah ya gafarta Malam, wallahi ka buɗe min ido. Shekara tara ina koyar da kalmar nan ban taɓa kawo "yi haƙuri" a matsayin misali ba, kullum sannu nake kawowa. Kuma ka ga wani bambanci: "I am sorry" tana magana a kan zuciyar mai faɗa, "yi haƙuri" tana magana a kan zuciyar mai ji. Ranar Litinin da wannan zan fara darasi.

Tsohon Hedimasta:
Malam ya yi magana. Na yarda Hausa ma tana da mai fuska biyu. Amma ku lura da abin da ya ce: ba ma ruɗewa saboda mun san wurin da mutumin. To dattijon da ke kwance a gadon asibiti bai san wurinmu ba. Malama, na janye kalmar kuskure idan a Kano ne ko Kumasi, tsakaninmu. Ɗana na jami'a, wannan rabin naka ne. Amma a takardar jarrabawa da kuma bakin gadon Bature ina nan a kan bakana.

'Yata, ga abin da za ki ce. In ya buge: "Oh dear, are you all right?" In yana jin ciwo: "That must be painful." In ya ba ki labari mara daɗi: "I'm sorry to hear that." In ke ce kika yi kuskure, ko da jinkirin kawo magani ne, ki faɗe ta cikakkiya, ki ambaci abin da kika yi, kada ki sa mata "if".

Baƙo daga Omdurman:
Mu a Sudan "ma'alesh" muke cewa, kuma ita ma haka take, ta mai laifi ce ta mai jaje ce. Hausawan nan in suna Larabci ita suke sawa a gurbin sannu, ba wanda ya taɓa ce musu ba laifinku ba ne.

Ɗalibin Jami'a:
Na karɓi rabin, Baba, na gode. Amma ni har yanzu ina ganin asara ce a ce ta daina. Mutanen da ba su da kalmar da za su ce wa wanda ya yi tuntuɓe, su ya kamata su ara a wurinmu.

Ma'aikaciyar Jinya a Ingila:
Na dawo daga aiki yanzu, ga yadda aka yi. Dattijon nan ina taimaka masa ya zauna sai ya ɗan yi nishi saboda ƙugunsa. Na ce masa "Are you all right?" kamar yadda Baba ya koya min. Ya ce lafiya lau. Daidai ne, bai yi min kallon mamaki ba. Amma ni a raina sai na ji kamar tambayar aiki na yi masa, ban gaishe shi ba.

Da na zo gyara masa matashi sai na gaya masa cewa ranar nan ba haƙuri na ba shi ba, a harshenmu akwai kalmar da ake faɗa wa duk wanda ya ji ciwo ko da ba kai ka jawo ba, ita na fassara. Ya ce in faɗa masa ita. Na ce sannu. Ya maimaita sau biyu, yana ja mata wasalin ƙarshe. Ya tambaye ni me ake amsawa, na ce yawwa.

Wajen ƙarfe shida ina tura keken magani, ƙafata ta bugi ƙafar gadon da ke kusa da nasa. Ban ma san yana kallo ba. Sai na ji daga bayana an ce, "Sanuu."

Anti Malama, gobe in Allah ya kai mu ina da tambaya a kan "fine", don ita ma na lura in mara lafiya ya ce min "I'm fine" ba kullum yake nufin da sauƙi ba.